Amsoshin Tambayoyinku: Magina Sun Sare Saiwoyin Mangwaronmu, Ko Zai Rayu?

TAMBAYA

Ina rubuto muku ne daga wani ƙauyen Hausawa da ke kusa da Sinja, a gaɓar Shuɗin Nilu. A tsakar gidanmu akwai bishiyar mangwaro da mahaifinmu ya dasa, ta haura shekara 40. Da muka dawo gida bayan yaƙi mun tarar katanga ta zube, sai muka sake tayar da ita da jan bulo, muka ƙara ɗaki ɗaya. Magina sun haƙa ramin harsashi kamar taku uku daga gindinta, suka sassare saiwoyi da gatari, wasu sun kai kaurin damtse. Ƙasar da aka haƙo an tara ta a gindin, a inuwarta aka jibge bulo da yashi, a nan kuma aka yi ta kwaɓa siminti. Yau wata takwas ke nan. Yanzu ganye yana yin ɗorawa yana zuba, kan rassan da ke ɓangaren katanga kuma yana bushewa. Wasu sun ce in sassare rassan don ta huta, wasu sun ce in zuba mata yuriya, wani kuma ya ce in tono saiwoyin in shafa musu baƙin mai. Ga shi muna shirin haƙa sabuwar masai. Me ya kamata in yi?

Daga wani magidanci, yankin Sinja, Jihar Sinnar, Sudan.

AMSA

Barka da dawowa gida, Allah ya zaunar da ƙasar lafiya.

In har bishiyar ta kai wata takwas tana riƙe da yawancin ganyenta, akwai kyakkyawan zato za ta tashi. Sai dai shawarwarin nan uku da aka ba ka, ka ajiye su gaba ɗaya, domin kowace daga cikinsu ƙara mata ciwo za ta yi. Abin da ka gani a sama alama ce kawai. Ɓarnar a ƙasa aka yi ta, a ƙasa kuma za a yi jinya.

Ba kai kaɗai ke fama da wannan ba. Daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan da ke kudu da Sinja, gidajen mutanenmu sun daɗe, kuma a yawancinsu bishiyar tsakar gida ta girme ɗakunan da ke kewaye da ita. Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Sinja a watan Nuwamba na 2024 jama'a ke komawa suna gyaran abin da ya rushe, magini kuwa inuwa yake nema ya ajiye kayansa. Saboda haka zan ɗan faɗaɗa bayani, ko wani ma ya amfana.

Mutane da yawa suna zaton saiwa tana nutsawa ƙasa ne gwargwadon tsawon bishiyar a sama. Gaskiya ne mangwaro yana da uwar saiwa da ke yin ƙasa sosai, amma ba ita ke ciyar da shi yau da kullum ba. Masu tsotso ruwa da abinci su ne 'yan siraran jijiyoyi da ba su fi zare kauri ba, kuma galibinsu suna cikin santimita 60 na saman ƙasa. A kwance suke bazuwa, su wuce iyakar inuwa, sau da yawa har ninkinta. Ramin harsashi kan kai zurfin mita ɗaya ko kusa da haka, ke nan duk abin da ke wannan ɓangare ya tsinke. Saiwa ɗaya mai kaurin damtse tana ɗauke da dubban ƙanana a bayanta. Idan ramin ya matso kusa da gindi, bishiya tana iya rasa kashi ɗaya cikin uku na saiwoyinta, ko fiye, a wuni ɗaya.

Sara kuma ɗaya ne daga cikin rauni huɗu da aka yi mata. Na biyu, ƙasar da aka tara a gindinta. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke ratsa ƙofofin ƙasa, tulin laka kuma ya toshe su. Na uku, dannewa: nauyin bulo da yashi da zirga-zirgar leburori. Na huɗu, ruwan siminti, wanda ke ƙone ƙananan jijiyoyi saboda kaifinsa.

Irin ƙasarku ma ta ƙara tsananta abin. Da zarar an bar lallausar ƙasar gaɓar kogi da ambaliya ke shimfiɗawa, sai baƙar laka mai tsagewa, wadda aka kafa noman audugar Jazira a kanta tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Fiye da rabinta yumɓu ne tsantsa. Da rani ta dare har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta rufe ruf. Idan aka tattake ta tana jiƙe, sai ta dunƙule, iska ba ta shiga, ruwa ba ya wucewa. Dama can tana da kanwa-kanwa, siminti ya zo ya ƙara mata, a irin haka kuwa saiwa kan kasa ɗaukar sinadarin ƙarfe. Duba sababbin ganyen da kyau. In ka ga sun yi ɗorawa amma jijiyoyinsu na nan kore shar, wannan ne dalili.

Kafin maganar jinya, sai a tabbatar ba za ta faɗo wa mutane ba. Samo igiya, ka zagaya jikin bishiyar da ita daidai ƙirjinka, ka ƙulla alama a inda ta haɗu. Wannan tsawon ya ɗan haura faɗin jikinta sau uku. Sai ka miƙa igiyar daga jikin bishiyar zuwa bakin harsashin. Idan ramin yana wajen tsawon igiya ɗaya, damuwarka ta ƙishirwa ce fiye da ta faɗuwa. Idan kuwa ya shigo ciki, an taɓa manyan saiwoyin da ke riƙe da ita a tsaye. Mangwaro mai shekara 40 kewayensa kan kai mita 2, taku uku kuma bai wuce haka da yawa ba, saboda haka a kan iyaka kake, auna za ka yi, kada ka yi kirdado.

Sannan ka riƙa lura da abu huɗu: ko ta fara karkata alhali da a miƙe take, ko ƙasa ta ɗaga ta yi tozo a gefe ɗaya na gindin, wanda ya bambanta da tsagewar rani da kuka saba gani, ko naman kaza yana fitowa a jikin gindin, ko ɓawo yana saɓulewa daga ƙasa-ƙasa. Haɗarin ya fi yawa a farkon damina, lokacin da guguwar habub ke tasowa ƙasa kuma ta fara laushi, musamman in iskar ta bugo daga ɓangaren da aka sare, domin saiwoyin can ne ya kamata su ja ta baya. Daren da hadari ya haɗu, a janye gadajen angarib daga ƙarƙashinta, a kwance dabbobin da aka ɗaure a jikinta. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan, kira wanda ya san itace ya duba. Ma'aikatan Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, aikinsu ke nan. Akwai kuma malaman tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar da ke Abu Na'ama, ga tsofaffin masu lambun mangwaro na bakin kogi.

In ta tsallake wannan, sai jinya. Fara da kwashe duk abin da aka ɗora mata: ragowar bulo, yashi, tsakuwa, da busasshen siminti. Inda aka yi kwaɓi, a kankare ƙasar da ta yi fari-fari a fitar da ita daga gidan. Tulin ƙasar gindi kuma a janye shi har sai asalin fuskar ƙasa ta bayyana. Gane wannan ba wuya. Lafiyayyar bishiya tana buɗewa a ƙasa, ka ga kafaɗun manyan saiwoyi suna shiga ƙasa. Wadda ka ga ta shige a miƙe kamar turken wutar lantarki, an binne mata wuya. Da shebur za a fara, idan an kusa jikinta a koma ƙaramar fartanya da hannu. Kada a sa diga, kuma a yi aikin lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, ba tana caɓi ba.

Daga nan sai a buɗe wa ƙasar hanyar iska. Kada a yi mata kaftu ko huɗa, domin hakan zai tsinke ragowar jijiyoyin da ake lallaɓawa. Ramuka za a huda. A samo ƙarfe mai tsini, a fara daga kamar mita ɗaya da rabi daga gindi, a yi ta hudawa har a wuce iyakar inuwa. Kowane rami ya kai faɗin santimita 5, zurfin 30 zuwa 40, tazarar rabin mita tsakaninsa da na kusa. A riƙa jujjuya ƙarfen don bangon ramin ya tsattsage, kada ya yi sulɓi. In an ci karo da saiwa a matsa gaba. A cika ramukan da ruɓaɓɓen takin gargajiya da aka gauraya da lallausar ƙasar bakin kogi. A Turai da Amurka akwai na'urar da ke fasa ƙasa da iska mai ƙarfi ba tare da ta yanki saiwa ba, amma ƙarfe da haƙuri suna yin aikin tsakar gida.

Bayan haka a lulluɓe ƙasar. Karan dawa da aka daddatsa, karan riɗi, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, duk suna yi. Kaurin shimfiɗar ya kasance santimita 5 zuwa 10, ta mamaye iyakar inda za ka iya sadaukarwa na tsakar gidan. Tana riƙe danshi, tana sanyaya ƙasa a zafin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40, tana kuma rage tsagewar da ke tsinka ƙananan jijiyoyi. Na san za ka ce gara. Bar tazarar taƙi biyu tsakanin shimfiɗar da jikin bishiyar, kuma duk mako ka duba. In ka ga gara ta yi hanyar laka tana hawa, kankare ka ga abin da ke ƙarƙashi. Mataccen itace ta fi bi, saboda haka inda ta nace, akwai abin da ya mutu a wurin. A roƙi iyali kuma su daina share ƙarƙashinta ƙal, ganyen da ya zuba abincinta ne.

Ruwa shi ne babban magani, shi ne kuma inda aka fi kuskure. Bishiyar tana da ganyen da ta saba shayarwa da cikakkun saiwoyi, yanzu kuwa da ragowa take aiki. Ba a jikin gindi ake zubawa ba, can wajen tsakiyar inuwa zuwa bakinta jijiyoyi masu sha suke. Yi ɗan kewayen ƙasa mai kama da kwarin fadama a ɓangarorin da ba a sare ba, ka riƙa sakin ruwa a hankali. Baƙar laka tana ruɗin mutum: da farko ruwan zai zurare ta tsaga ya ɓace, ka ɗauka ta sha, can kuma ta kumbura ta ƙi karɓa, ka ɗauka ta ƙoshi. Gara a ba ta rabi da yamma, rabi washegari da safe. Ga babbar bishiya irin taka, fara da ganga huɗu zuwa biyar masu cin lita 200 a kowane mako na bazara, a hunturu kuma a rage. Amma ƙasar ce alƙali. Kwana ɗaya bayan ban ruwa, soka rodi: in ya shige santimita 30 zuwa 40 ba da wahala ba, ruwan ya kai. Kafin ka sake ba ta, tona taƙi ɗaya ka damƙi ƙasar. In tana manne wa hannu tana ƙyalli, dakata. In ta dunƙule sannan ta farfashe da ka matsa, lokaci ya yi. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ba laifi, amma na wanki mai omo a kai shi wani wuri.

Da damina kuma akasin haka za ka tsare. Sabuwar katanga takan tare hanyar da ruwan tsakar gida ya saba bi, sai ya taru a gindin bishiya. Wani zai ce maka ai ga dazuzzukan bagaruwa nan a bakin kogi, daga Sinnar har Rusairis, suna wata da watanni tsaye cikin ambaliya ba abin da ke samun su. Wannan halittar bagaruwa ce. Mangwaro mai raunin saiwa, in ruwa ya kwanta masa kwanaki a watan Agusta, ruɓa zai shiga ta bakin saran. Ka buɗe rariya tun kafin ruwan farko. Kwarin ban ruwan ma ka nisanta shi da katanga kamar mita 2, domin laka da ke jiƙa tana bushewa a gindin harsashi ita ke tsaga gini.

Yanzu ga dalilin da na ce a ajiye shawarwarin nan uku. Mai cewa a sare rassa yana ganin tunda saiwa ta ragu, sai a rage mata kaya. Amma da me za ta gina sabuwar saiwa? Da abincin da ganye ke haɗawa daga hasken rana. Kan rassa masu toho kuma su ke aika sinadarin da ke zaburar da saiwa ta tsiro. In ka sare su, ka tsayar da gyaran daga tushe, ka kuma buɗe ɓawon da ya saba da inuwa ga ranar Sinja ta ƙone shi. Bishiya da kanta take zubar da abin da ba za ta iya ɗauka ba, abin da kake gani ke nan a ɓangaren katanga. Wanda ya bushe ƙayau shi kaɗai za a cire, da zarto mai kaifi, a yanke daf da kumburin da ke mahaɗar reshe ba tare da an shafe kumburin ba. Togaciya ɗaya ce: in awon igiya ya nuna akwai haɗarin faɗuwa, masani zai iya rage tsawon wasu manyan rassa don iska ta rage kama ta. Wannan don tsaron rai ne, ba magani ba ne.

Yuriya kuwa illa biyu gare ta a yanzu. Gishiri-gishirinta yana janye ruwa daga jijiyoyin da ke da rauni, sannan tana tilasta wa bishiya fitar da sabon ganye mai yawa wanda saiwar ba za ta iya shayarwa ba. Za ka ga ta yi kore kwana kaɗan, zafi na zuwa ta yanƙwane fiye da da. A bar takin zamani sai bayan shekara guda cur, shi ma kaɗan-kaɗan.

Baƙin mai guba ne ga ɗanyen itace. Wani masanin gandun daji na Amurka, Alex Shigo, wanda ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa yana bin sawun ruɓa a cikinsu, ya bayyana a 1977 cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikin mutum ke yi. Killace wurin take yi daga ciki, ta gina sabon itace a kewayensa. Binciken da ya yi kan shafe-shafen da ake yi wa rauni ya nuna ba sa hana ruɓa. Da a ranar da aka yi saran ne, abin yi shi ne a daidaita bakin kowace saiwa da zarto, a cire inda gatari ya farfasa, a rufe da ƙasa mai danshi nan take. Bayan wata takwas, aikin gama ya gama. Mai yiwuwa ma sababbin jijiyoyi sun fara fitowa a bakin saran, tono zai kashe su, ya kuma raunana harsashinka.

In hunturu ya zo ka ga ta yi fure fiye da yadda ta saba, kada ka yi murna da wuri. Bishiyar da ke cikin wahala takan yi haka. 'Ya'ya suna cinye abincin da saiwa ke jira, don haka a bana ka kakkaɓe ƙananan 'ya'yan gwargwadon inda gora ta kai. Asarar kaka ɗaya ce.

Sakamako ba ya bayyana da wuri. Ka ba ta damina biyu zuwa uku, ka kuma sani cewa wata bishiyar takan yi shekara biyar tana ja da baya kafin ta mutu. Alamar sauƙi ita ce sabon toho ja-ja a kan rassa, wanda ke girma ya kai cikakken ganye, bushewar kuma ta tsaya inda take. Alamar tsanani ita ce ganye yana ƙanƙancewa kowace shekara, bushewa tana gangarowa daga ƙololuwa, tsiro yana fitowa a jikin gindi, ƙaro yana tsattsafowa, ko garin itace yana zubowa daga ƙananan huji. Ɗauki hotonta da waya daga wuri ɗaya duk wata uku, domin idon da ke ganin abu kullum ba ya lura da sauyinsa. Tun yanzu kuma, tana da sauran ƙarfi, ka sa mai lambu ya ɗebi 'yan rassa masu lafiya ya yi wa ƙananan dashe biyu ko uku aure da su. Ko me ya faru, irin bai ɓace ba.

Saura maganar masai, wadda ita ce za ta iya ƙarasa bishiyar in aka yi sakaci. A Birtaniya akwai ƙa'idar gini mai lamba BS 5837, bugun 2012, wadda ta ce a kare fili kewaye da bishiya mai nisan faɗin jikinta sau 12. Da igiyar nan taka, tsawonta huɗu ke nan, kusan mita 8 ga bishiya mai kewayen mita 2. Na san ba kowane gida ke da wannan fili ba. In ya gagara, to kada a kuskura a haƙa a ɗaya gefen bishiyar, wato kishiyar ɓangaren katanga, domin saiwoyin can su ke riƙe da ranta yanzu. Wuri mafi sauƙin ɓarna shi ne bayan layin da aka riga aka sare, in akwai filinku a can, tare da barin tazara mai kyau daga harsashi. In za a ja bututu, a haƙa da hannu, duk saiwar da ta kai kaurin babban yatsa a bi ta ƙarƙashinta. Kafin magina su iso, kafa turaku ka ɗaura igiya kewaye da filin, ka nuna musu inda za su jibge ƙasa da inda za su kwaɓa siminti, ka kafa musu rumfa a can don kada inuwa ta jawo su. Ka faɗa wa shugabansu da bakinka cewa wannan sharaɗi yana cikin jinga, kuma ranar haƙa ka kasance a gida.

Allah ya sa a dace, ya kuma albarkaci ginin.